Shekarar da Muka Jefo Mutumin Yashi daga Tifa

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Litinin, ɗalibai suna waje wurin masu ƙosai, Madam Rahila shugabar makarantarmu ta leƙo ta taga ta kira ni ofis. Mu uku ne a ɗakin: ita, da ni, da Malam Tukur, jami'in da hukuma ta ɗora wa zagayen duba makarantun sakandare na cikin Jalingo. Na fara da wannan zaman ne domin daga nan maganar ta tashi, kuma domin na sha jin ku, musamman kai Abdullahi, kuna faɗa wa 'ya'yanku wai wani ne a ofis ya danne mini kujerar hedimasta. Babu wanda ya danne mini komai. Ni na ajiye ta da hannuna, ina cikin hankalina. Zan faɗi yadda aka yi bi da bi.

Magana biyu Malam Tukur ya zo da su. Ta farko tawa ce. An ba ni shugabancin wata firamare a Abbare, kusa da gonarmu, in je in kama aiki kafin wata ya mutu. Kun san takardar malanta mai daraja ta biyu kaɗai gare ni, lissafi nake koya wa ƙananan azuzuwa, bulalar makaranta kuma a hannuna take. Mai irin takardata ba a yi masa wannan tayin sau biyu, ga shi ritaya ta fara matsowa. Ta biyu ta makaranta ce. Malaminmu na Fiziks ya samu aiki a wani gari ya tafi tun farkon zango, kuma babu wanda za a turo sai wata shekara. Ƙa'ida ba ta yarda a riƙe ajin kimiyya babu mai koyar da Fiziks ba. Saboda haka 'yan aji huɗu na ɓangaren kimiyya za a kwashe su a zuba a ɓangaren adabi. Wanda aka zuba a can kuwa ya rabu da aikin asibiti da aikin injiniya ke nan. 'Yar'uwarku Hauwa tana cikin ajin.

"Malam Tukur, ka taimake mu," in ji Madam Rahila. "Yaran nan su suka zaɓa da kansu, iyayensu kuma ba su da halin canja musu makaranta."

"Madam, ba ni da malami a aljihu. Da ina da shi da na zaro miki yanzu."

"In aka samu mai riƙe su fa?"

"Zan dawo a makon ƙarshe na zango. In na tarar an koya musu babin motsi, na gani da idona sun gane, zan rubuta a bar ajin har malami ya zo. In kwafe-kwafe kawai na tarar a littafi, sai dai haƙuri."

Da na koma gida bayan la'asar na tarar labari ya riga ni isa. Mahaifiyarku Dada tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ƙaninta, Kawu Sale, ya ajiye tifarsa ta ɗaukar yashi a ƙofar gida, yana zaune yana cin ragowar abincin rana. Hauwa tana bakin ƙofar ɗaki da kayan makaranta a jikinta, ba ta cire ba.

"Barka da arziki, Hedimasta!" in ji Sale, bakinsa cike. "Daga yau sai mu riƙa cire takalmi tun daga bakin titi."

"Haɗiye tukuna, sannan ka yi mini magana," na ce masa.

"Alhamdu lillahi," in ji Dada. "Makaranta ga ta, gona ga ta. Ka tashi aiki ka leƙa masararka ka dawo." Sai ta dubi Hauwa. "Ke kuma tun ɗazu kin ƙi taɓa abinci. Adabin ba karatu ba ne?"

"Karatu ne, Dada, amma ba nawa ba." Ta juyo gare ni. "Baba, in ka tafi wa zai tsaya mana?"

Ni ba na amsa wa yaro tambaya kafin in amsa wa kaina. Na auna abin kamar yadda nake auna komai. Na ɗaya, firamaren Abbare ba za ta rasa shugaba ba, masu so sun yi yawa. Na biyu, ajin nan ba zai samu kowa ba. Na uku, ban san Fiziks ba, ko bangon littafinsa ban taɓa buɗewa ba. Na ga biyun farko ba yadda zan yi da su, na ukun kuwa ana iya yi masa magani. Da safe na faɗa wa Dada na ajiye kujerar, ni zan riƙe ajin.

"Kai da ba ka san abin ba?"

"Zan sani."

"A waɗannan shekarun naka, Malam?"

Ta koma kan aikinta. Amma ta daɗe tana ajiye mini kwano ba tare da ta ce ga shi ba, kuma ban ga laifinta ba. Ita ma ta jira kujerar nan tare da ni. Ba a jima ba aka ba wani, mutumin kirki ne, ya riƙe ta har ya yi ritaya.

Na karɓi littafin na shiga aji da hanyar da na sani. Na rubuta ma'anar motsi a allo da Turanci, na rubuta ma'anar nisa, da gudu, da ƙaruwar gudu, sannan dokokin motsi guda uku. Suka kwafe, suka haddace, na sa suna rerawa kamar yadda nake sa ƙanana su rera biyu sau biyu. Wanda ya wuce ta bayan ajinmu sai ya ce an samu malami. Ni ma na fara jin haka, har ranar da Hauwa ta tare ni a ƙofar gida, mai ruwa yana sauke mana jarkoki daga kurarsa.

"Baba, doka ta farko ta ce abin da yake tafiya zai yi ta tafiya sai wani ƙarfi ya tsayar da shi, ko ba haka ba?"

"Haka take."

"To ga kurar nan. Da ya daina turawa take tsayawa, kuma ba wanda ya taɓa ta. Ko dokar ba ta aiki a unguwarmu ta Turaki?"

Na dubi kura, na dubi yarinya. Na duba littafi, ya ce abin da ya ce. A nan na gane in Malam Tukur ya yi tambaya irin wannan, rerawa ba za ta cece mu ba.

Akwai wani Ishaya, kun san shi. Ɗan wata Bamumuya ce mai sayar da doya a Kasuwar Jalingo. Ni na koya masa a firamare, kuma ban san yawan bulalar da ya sha a hannuna ba saboda makara da gardama. Ya yi karatu mai zurfi, a lokacin yana koyar da Fiziks a wata makarantar mishan a ƙetaren rafi. Ranar Asabar na ɗauki littafi da biro na je na same shi yana duba takardun ɗalibansa a wani aji. Da ya gan ni ya miƙe zumbur ya mai da hannayensa baya, mutum mai gemu da mata da 'ya'ya. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, na wuce na zauna a bencin gaba.

"Haba Malam! Ga kujera."

"Kujera ta mai koyarwa ce. Ɗauki alli."

"Malam, wallahi ba zan iya tsayawa a kanka ba."

"Ishaya, ɗauki alli kada in maimaita."

Ya ɗauka. Amma bai rubuta komai ba. Ya fita ya tsinko ɗanyen lemo, ya ce in biyo shi. Ya gangara shi a kan yashi, ya tsaya nan kusa. Ya gangara shi a kan simintin baranda, ya yi nisa. Ya ce in lura, turin iri ɗaya ne, ƙasar ce ta bambanta. Ƙasa tana riƙe duk abin da yake tafiya a kanta, wata da ƙarfi, wata kaɗan, wannan riƙon shi ake kira gogayya. Shi ne hannun da ba a gani da yake tsayar da kurar mai ruwa. Da za a samu ƙasa mai santsin da ba ta riƙe komai, da lemon nan bai tsaya ba. Na ce wannan ya shiga. Sai ya ɗan samu ƙarfin gwiwa.

"To Malam, ga wata. Kana cikin mota tana tafiya, an ja layi a ƙasa. Ka miƙa hannu ta taga, daidai kan layin ka saki dutse. Ina zai faɗi?"

"Bayan layin mana. Mota ta wuce ta bar shi."

"Gaban layin, Malam."

"Ishaya, har yanzu ba ka daina gardama ba?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Dutsen ai fasinja ne, Malam. Gudun da motar take yi shi ma yana yi. Sakin da ka yi ba ya ƙwace masa gudun. Amma kada ka yarda da ni. Ka gwada."

Daga ranar kowace Asabar ina kan bencin nan. Abin da na koya ranar Asabar shi nake kai wa aji ranar Litinin, ban taɓa wuce su da fiye da darasi ɗaya ba. Asabar kuwa ita ce ranar gonata, ga shi kaka ta yi. Ku da Dada kuka karya masara, ku kuka tuge gyaɗa, kuma ruwan ƙarshe ya same ta a ƙasa ya ɓata mai yawa. Wannan ɓangaren kun fi ni saninsa. Na tuna kai Abdullahi ka ce wa Dada, a inda ka san ina ji, wai Baba ya bar buhu ya tafi neman lemo. Ban hukunta ka ba, domin bayanka ne ya ɗauki buhun. Sale kuma duk inda ya gan ni sai ya danna hon ya leƙo.

"Ɗan aji ɗaya! An ba ka aikin gida?"

Yanzu sai in kawo maganar tifa. Titin da ya bi ta ƙofar makarantarmu shi ne hanyar masu ɗebo yashi daga rafin Mayo Gwoi. Da ruwa ya ja baya, tun safe suke wucewa. Samarin da suke zuwa daga wancan ɓangaren sun mai da su motar makaranta. Sai su ɗafe a baya, in tifa ta rage gudu a tudun ƙofarmu su diro. Shekara da shekaru ina tsayawa a ƙofa da bulala a kan wannan, ba a daina ba. Kowane zango sai an samu mai fasasshen kai. A tsakiyar zangon nan abin ya faɗa kan Yohana, wanda ya fi kowa lissafi a ajin nawa. Ya yi kwanaki bai zo ba, ya dawo da ɗauri a ƙeya. Da ne da bulala zan fara. Amma tambayar Ishaya tana kaina, sai na kira shi gefe.

"Yohana, yaya kuke dirowa?"

Ya dubi hannuna ya ga babu komai, sannan ya yi magana. "Akwai ƙa'ida, Malam. Manya suke koya wa sababbi. Sai ka ba tifa baya, ka kalli inda aka fito, sannan ka dira."

"Saboda me?"

"Saboda iskar motar. In ka kalle ta sai ta ja ka ƙarƙashin taya."

"Kai ka bi ƙa'idar?"

"Na bi, Malam. Iskar ce ta yi ƙarfi ran nan."

Ashe duk shekarun nan yaran suna da nasu ilimin motsi, suna gadar da shi aji bayan aji, kuma shi ne yake fasa musu kai. Wanda ya faɗi sai a ce iska ce, a ƙara riƙe ƙa'idar. Na kai wa Ishaya maganar. Ya ce wannan da tambayar dutse abu ɗaya ne, kuma in aka samu mota za a nuna duka biyun a fili. Na tambayi Sale aron tifarsa na safiyar Asabar, ya ce shi motarsa ba ta zuwa makaranta, ta girma. Dada tana jin mu daga madafa.

"Sale, za ka kai."

"To, Adda."

Wannan ce kalmar farko da ta sa a maganar tun da na ƙi kujera. Ita ce kuma ta ɗinka mana mutumin yashi, mutum-mutumin da za mu jefo daga tifa. Ta haɗa buhuna biyu aka cika su da yashi, ta yi masa ƙafafu, ta sa masa tsohuwar rigata, ta ɗaura masa busasshen duma a matsayin kai. Hauwa ta zana masa ido da baki da gawayi. Sale ya zagaya shi ya ce kamar an tsaga kara da ni, har da ɗaure fuskar.

Ranar Asabar ajin ya hallara a filin ƙwallo, har da waɗanda ba 'yan ajin ba, domin labari ya bazu. Madam Rahila ta zo da lemarta. Na ja layi da toka a tsakiyar fili. Na faɗi tambayar dutse, na ce kowa ya tsaya can gefe a inda yake ganin dutsen zai faɗi. Kusan duka suka taru a bayan layi, har da Madam. Kaɗan suka tsaya daidai layin. Ishaya kaɗai ya tsaya a gaba, sai wata yarinya da ta bi shi don ta ga shi malami ne. Ni ban tsaya ko'ina ba, ni ne mai tsara fili, amma zuciyata rabi tana bayan layin. Hauwa ta shiga gaban mota kusa da kawunta da dutse a hannu. Sale ya taho a hankali, ta miƙo hannu, daidai toka ta saki. Dutsen ya bi motar kamar an ɗaura shi da zare, ya faɗi a gaban layi.

"Ta makara! Ba ta saki da wuri ba!" suka ɗauki ihu.

Na ce Yohana ya shiga ya saki da kansa. Dutsen ya faɗi a gaba. Na ce Sale ya ƙara wuta kaɗan. Ya faɗi gaba fiye da na farko. Madam Rahila ta naɗe lemarta ta taka ta koma wurin Ishaya, yara suka fashe da dariya suka bi ta.

Sannan aka ɗora mutumin yashi. Ishaya ya hau baya ya riƙe shi ta kafaɗa, ya juya shi yana kallon inda aka fito, kamar yadda ƙa'idar yara ta ce. Na sa aka ɗaura ƙyalle a gindin motar don kowa ya ga ko akwai iska. Sale ya ja a irin tafiyar da suke yi a tudun ƙofarmu. Ƙyallen yana rataye, ko motsin kirki ba ya yi. Ishaya ya sauke mutumin har ƙafafunsa suka kusa ƙasa, ya saki. Ƙafafun suka kama ƙasa suka tsaya, jikin ya ci gaba da bin motar, ya tafi ta baya gaba ɗaya. Duman ya daki ƙasa ta ƙeya ya tarwatse. Fuskar gawayin ce kawai ta rage tana kallon sama.

Ba wanda ya yi dariya. Na ga Yohana ya kai hannu ya shafa ɗaurin kansa. Na bar su suka yi ta kallo, sannan na ce wa zai faɗa mini abin da ya faru. Hauwa ce ta fara. Ta ce mutumin fasinja ne kamar dutsen, yana ɗauke da gudun motar. Ƙasa ta riƙe ƙafarsa, amma ba abin da ya riƙe kansa, shi ya sa kan ya ci gaba da tafiya. Na ce su faɗi doka ta farko. Suka faɗe ta, a karon farko ba da waƙa ba.

"To Malam," in ji Yohana, "ke nan gaba za a riƙa kallo a dira?"

"A'a. Da wuri za a riƙa tashi a taho da ƙafa."

Sai a lokacin aka yi dariya. Ishaya ya ƙara musu da cewa ko gaba ka kalla gudun yana jikinka, in ƙafarka ba ta iya biyan shi ba da fuska za ka sauka. Ba zan ce an daina ɗafe tifa ɗungurungum ba, yaro yaro ne. Amma ƙa'idar ba da baya ta mutu a ranar, kuma 'yan ajina su suka koma hana ƙanana.

Da yake motar tana hannu, ba mu bar ta ta tafi haka ba. Muka auna tsawon fili da igiya, Madam ta riƙe agogo, yara suka raba nisa da lokaci suka fitar da gudun tifa da kansu. Sale ya ba su labarin yadda take tashi da sauri in ba kaya, da yadda take nauyin tashi da nauyin tsayawa in an cika ta da jiƙaƙƙen yashi, alhali injin ɗaya ne, birki ɗaya ne. Ishaya ya ce wannan ita ce doka ta biyu, ya rubuta ta da yatsa a ƙasa. Ta ukun a kan kurar mai ruwa muka yi ta wani mako: mutum ya tsaya a kai ya yi tsalle gaba, kura ta gudu baya. Daga nan na kafa tsarin da na bi har ƙarshe. A fara gani, sannan a faɗa da Hausa, sannan a ba shi sunansa na Turanci, sannan a yi lissafi. Hadda ita ce ta ƙarshe, kuma ban yafe wa kowa ita ba.

Malam Tukur ya dawo a makon ƙarshe kamar yadda ya ce. Ya shiga aji ya ƙi kujera, Madam Rahila ta tsaya a bakin ƙofa, ni na koma baya. Ya tambayi dokokin motsi da Turanci, suka ba shi. Ya ce ya ji, wannan ko rediyo zai iya. Sai ya ce mace ta ɗauko bokitin kunu a buɗe a cikin Keke Napep, mai keke ya taka birki ba zato, ina kunun zai zube, kuma me ya sa. Yohana ya miƙe ya fara da Turanci, ya sarƙe, ya tsaya.

"Faɗe ta da Hausa, in ya so ka mayar," in ji Malam Tukur.

"Gaba zai zube, Malam, a bayan mai keken. Birki keke ya kama, keke ya riƙe bokiti, amma kunun ba wanda ya riƙe shi. Shi bai san an tsaya ba."

"Bai san an tsaya ba," Malam Tukur ya maimaita, yana ɗan murmushi. "To mayar."

Ya mayar, da ɗingishi amma daidai. Aka ba da lissafin mota da ta tashi daga tsaye tana ƙara gudu, ya nuna Hauwa ba tare da ya san 'yata ba ce. Ta fita allo, ta yi kuskure a tsakiya, ta ja baya ta duba, ta goge ta gyara da kanta. Sannan ya zana layuka biyu a allo, ɗaya na gudu ɗaya na lokaci, ya ja wani layi a tsakaninsu, ya ce wa zai karanta masa wannan zanen. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya juyo ya nemo ni a bayan aji.

"Malam Umaru, ba ka kai su zane ba."

"Ban kai su ba. Ni ma Asabar ɗin da ta wuce aka fara mini."

"Aka fara maka? Wa yake koya maka?"

"Malam Ishaya, na makarantar ƙetaren rafi."

Malam Tukur ya goge allon da kansa, ya karkaɗe hannu, ya dubi Madam Rahila. Ya ce babin bai cika ba, kuma haka zai rubuta. Amma abin da aka koya musu sun gane shi, saboda haka zai rubuta a bar ajin, da sharaɗin a fara zango na biyu da zane, zai zo ya duba. Yara suka jira har ya fita daga ƙofar makaranta saboda sun san ni, sannan suka ɓarke da ihu. Ran nan ban hana ba. Da na isa gida Dada ta ajiye kwano a gabana ta ce ga shi, ta ƙara da cewa in ci da zafinsa.

Na riƙe ajin har ƙarshen shekara, ina gaba da su da darasi ɗaya. Shekarar da ta biyo aka turo wata matashiyar malama mai digiri, na miƙa mata littafi na koma wurin ƙananana, a can na yi ritaya ina malamin aji. Ba duka suka ci jarrabawar ƙarshe ba, wasu sai a zama na biyu, wasu sun bar karatun. Amma Hauwa yau ita take ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, Yohana yana aikin gina hanyoyi, kuma ɓangaren kimiyya na makarantar yana nan bai rufe ba.

Mutanen unguwa in sun tashi yabo ni suke yabo, su ce Malam Umaru ya ceci aji. Ni benci na zauna. Wanda ya tsaya a allo, ya ba da Asabar ɗinsa ta shekara guda bai karɓi ko ruwan sha ba, yana nan da ransa a ƙetaren rafi, gashinsa ya fara fari. Na ji kuna kiran sa Ishaya gatsau, don kun yi ƙwallo tare kuna yara. Ga abin da nake nema a wurinku, ku da 'ya'yanku. Daga ranar da kuka karanta wannan, sunansa Malam Ishaya a bakin duk wanda ya fito daga gidana. In ya shigo wuri kuna zaune, ku miƙe. Da sallah a kai masa abinci, da Kirsimeti ku je ku gaishe shi da ƙafarku, kada ku aika. Malamin ubanku ne.